Kurakuran biza da haraji da masu aiki ta intanet daga ƙasar waje suke ta maimaitawa

Tunda samarin Maradi suka gane ana iya zama gaban kwamfuta a yi wa kamfanin Faransa ko Kanada aiki a karɓi kuɗi, tambaya ɗaya ke zuwa mini, daga unguwar Ali Ɗan Sofo har unguwar Zariya: yaya zan koma Dubai ko Dakar in ci gaba da aikina daga can? Tafiyar ba laifi ba ce. Abin da ya ishe ni shi ne kowa sai ya faɗa ramin da na gabansa ya faɗa.

Na farko shi ne aiki da bizar ziyara. Hujjar kullum ɗaya ce: "Ai kamfanin ba a ƙasarsu yake ba, kuɗin ma daga waje yake shigowa." Ƙanena, yawancin hukumomi inda kake zaune lokacin da kake aikin suke dubawa. Bizar ziyara ta Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, kwana 90 ce cikin kowane kwana 180, ana ƙirga su baya-baya, kuma duk ƙasashen a haɗe, saboda haka tsallakawa daga Faransa zuwa Beljiyam ba ya sabunta maka komai. Bizar Umara kuwa ta ibada ce. Wanda ya maƙale da ita yana aiki ya zama takari, ko da kwamfutar miliyan ce a hannunsa.

Akwai bizar da aka yi musamman don irin wannan aiki. Estoniya ta fara bayarwa a 2020, Dubai ta buɗe tata ta shekara ɗaya a Oktoban 2020, tsibirin Moris da Kef Bad su ma suna da tasu. Fotugal ta biyo baya a 2022, tana neman abin da kake samu ya kai ninki huɗu na mafi ƙarancin albashin ƙasar. Kusan dukansu suna tambayar kwantiragi, inshorar lafiya da takardar banki ta watannin baya. Nan ne ƴan garinmu suke faɗuwa, don kuɗin aikin yana shiga asusun wani yaya a Katsina, ko ya zo ta hannun ɗan canji. Ranar da ofishin jakadanci ya ce kawo shaida, babu ko takarda ɗaya mai sunanka. Ni ba na barin mutum ya fara maganar biza sai kuɗinsa ya yi wata shida yana shiga asusun da ke ɗauke da sunansa.

Masu nufin maƙwabta kuma su tuna Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ranar 29 ga Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce za a ci gaba da barin mutane su wuce har sai an sake shawara, wato rangwame ne da za a iya janyewa. Ko a da ma kwana 90 ne ba biza, bayan nan sai katin zama.

Na biyu shi ne haraji, kuma shi ne ya taɓa cin jarina. Na zauna a wata ƙasa ta bakin teku, in kwanakina sun kusa cika in fita in dawo da sabon hatimi, ina ganin na iya wayo. Ashe lissafin ƴan shige da fice daban, na masu lanfo daban. Ƙasashe da yawa, in ka tara kwana 183 a cikin shekara, ka zama mazauninsu a wajen haraji, ko a jere ka yi su ko a gutsure. Da na je neman katin zama aka buɗe fasfo aka ƙirga hatimai, aka ɗora mini harajin baya da tara. Kuɗin da na ware don filin gini ne ya tafi. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji yaro yana cewa "ai kuɗin intanet ba wanda ya san da shi". Bankinka ya sani, kamfanin da ke biyanka ma ya rubuta. Kai kaɗai ne ba ka rubuta ba!

Kuma barin gida ba ya raba ka da harajin gida kai tsaye. In iyalinka da gidanka da shagonka suna Maradi, ana iya ci gaba da ƙirga ka a nan, can ma a ƙirga ka. Abin da ke hana biya sau biyu shi ne yarjejeniya tsakanin ƙasashe. Ƙasashen UEMOA, wato na Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, suna da tasu tun 2008. Wadda ke tsakaninmu da Faransa kuwa Nijar ta sanar da soke ta a Disamban 2023, amma har yau wasu da ita suke lissafi. Wanda ya tare a Kano ya sani sabuwar dokar harajin Najeriya ta fara aiki a Janairun 2026, kuma mazauni yana biya har kan abin da ya samo daga waje. Ni littafi gare ni, ina rubuta ranar shiga da ranar fita ta kowace ƙasa, kuma duk kuɗin da ya shigo ina cire kashi ɗaya cikin biyar in ajiye gefe har in san abin da ake bina.

Sauran ƙanana ne. Mai yi wa kamfanin Amurka aiki ya cike takardar W-8BEN, wadda ke nuna wa hukumar harajin Amurka shi ba ɗan ƙasar ba ne, mai tashar YouTube ya saka bayanan harajinsa, in ba haka ba ana iya yanke har kashi 24 cikin 100 na duk abin da ya samu. Kada ka sauya ƙasa ba ka gaya wa kamfaninka ba, don zamanka yana iya jawo musu haraji a can, su sallame ka. Fasfon da saura ƙasa da wata shida ya ƙare a sabunta shi tun a gida, katin rigakafin shawara kuma ya zauna a cikinsa. Ɗan kamashon da ya ce zai haɗa maka takardar banki ta bogi, ka bar masa kayansa. In aka gano, sunanka ne zai shiga kwamfutarsu, kuma neman biza na gaba da wannan tabon za ka yi shi.