Auna aikin mai binciken ciwon daji da cututtukan jini: wuraren da aka fi yin kuskure

Kwamitin ƙarin girma a jami'a, da masu ba da tallafin bincike, da ɗan jaridar da zai gabatar da wani likita a matsayin gwani, duk tambaya biyu suke fara yi: maƙala nawa ya wallafa, sau nawa wasu suka ambace ta a nasu rubutun? Tambayoyin ba su da laifi. Sai dai a fannin ciwon daji da cututtukan jini alƙaluma na saurin kumbura, ta yadda mai kuskuren lissafi zai iya ɗaga wanda bai kai ba, ya danne wanda ya yi aikin gaske.

Kuskuren farko tun daga jerin maƙalun yake. Google Scholar, shafin Google na neman rubuce-rubucen bincike, na tattara maƙalu ne da suna, sunayenmu kuwa suna rikita shi. Mutum ɗaya ya rubuta Muhammad a wata mujalla, Mohammed a wata. Yau sunan mahaifi ne a ƙarshe, gobe sunan gari. Sai ayyukansa su rabu gida uku a Scopus, wata ma'ajiyar maƙalu da ke ƙirga ambato, ko kuwa shafinsa na Scholar ya kwaso maƙalun wani A. Abdullahi da ke binciken ƙasar noma. Gyaran ba wuya. Mai bincike ya buɗe lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, mai gurbi 16, kyauta ce, ya riƙa saka ta duk sanda ya miƙa maƙala. Ya zaɓi rubutun suna guda ya tsaya a kai. A Scholar ya kashe damar ƙara maƙala kai tsaye, ya mayar da ita sai an tambaye shi. A Scopus ya nemi a haɗe masa shafukan da suka rabu. Mai tantancewa kuma ya duba adireshin wurin aiki da abokan rubutu a kan kowace maƙala kafin ya ƙirga ta.

Sai taƙaitattun bayanan taro, kuma nan ne likitocin jini suka fi faɗawa. Ƙungiyar masana cututtukan jini ta Amurka na yin babban taronta a watan Disamba, tana buga taƙaitattun bayanan da aka gabatar a wani ƙari na mujallar Blood, kowanne da lambar DOI tasa, wato lambar shaida ta dindindin irin wadda ake bai wa maƙala. Ƙungiyar likitocin ciwon daji ta Amurka ma haka take yi a Journal of Clinical Oncology. A takardar tarihin aiki sai ka ga “Blood, 2021” ka ɗauka cikakkiyar maƙala ce, alhali sakin layi kaɗan ne da bai bi ta hannun masu bita irin na maƙala ba. In cikakken aikin ya fito daga baya, an ƙirga abu ɗaya sau biyu ke nan. A buɗe mahaɗin a gani: in an rubuta ƙari ne, a ware shi a wani sashe daban. Rashin fitowar cikakkiyar maƙala bayan shekaru uku ko huɗu ma abin tambaya ne.

Kada a haɗa alƙaluman ma'ajiyoyi daban-daban. Scholar na ƙirga ambato daga kundin digiri da littattafai da rubutun da ba a tace ba, don haka kusan kullum lambarsa ta fi ta Scopus da takwararta Web of Science. Duk lambar da aka kawo, a rubuta inda aka samo ta da ranar da aka duba.

Ma'aunin h, wanda masanin fiziya Jorge Hirsch ya ƙirƙira a 2005, shi ne aka fi riƙewa tamkar hukunci. Ma'anarsa: mai h 15 yana da maƙalu 15 da aka ambaci kowace aƙalla sau 15. A ɗauka wani yana da maƙalu 5, an ambace su sau 900, 400, 60, 8 da 3. Nasa h ɗin 4 ne kacal. Wani mai maƙalu 12, kowace an ambace ta sau 12, nasa 12 ne, ko da babu ɗaya da ta sauya yadda ake jinyar kowa. Ma'aunin bai san girman aiki guda ba, kuma shekaru na ƙara masa nauyi, saboda haka gwada malamin da ya gama digirin dakta shekara 5 da suka wuce da farfesan da ya shekara 30 a fage zalunci ne. Mafi muni, bai san matsayin mutum a cikin marubuta ba. Manyan gwaje-gwajen magani da ayyukan ƙididdigar cututtuka na duniya kan ɗauki marubuta ɗaruruwa, kowanne ya kwashi ambaton gaba ɗaya. A al'adar binciken likitanci, na farko a jerin marubuta shi ne ya yi mafi yawan aikin, na ƙarshe shi ne jagora. Don haka a raba jerin gida biyu: maƙalun da mutum ya zo na farko, ko na ƙarshe, ko shi ne mai amsa wasiƙu, da kuma sauran. A karanta sashen gudunmawar marubuta a ƙarshen maƙala. PubMed, ma'ajiyar maƙalun likitanci, ma na bambanta marubuci da mai haɗin gwiwa. Wanda ya tara majinyata a cibiyarsa ya yi aiki mai daraja, amma a kira aikin da sunansa.

Akwai masu auna maƙala da martabar mujallar da ta fito a ciki. Ma'aunin tasirin mujalla matsakaici ne na ambaton da maƙalun shekaru biyu da suka gabata suka samu, kuma maƙalu ƙalilan ne ke jan sa sama. Mujallar CA: A Cancer Journal for Clinicians ta haura 500 a lissafin 2020, galibi saboda rahotannin ƙididdigar ciwon daji da kusan kowane marubuci ke buɗe gabatarwarsa da su. Wannan ba ya nufin kowace maƙala a cikinta ta ninka ta British Journal of Haematology sau hamsin a inganci. Sanarwar San Faransisko kan tantance bincike, da aka tsara a 2012, ta fito fili ta ce kada a yi amfani da wannan ma'auni wajen ɗaukar aiki ko ƙarin girma ko ba da tallafi. Maƙalun bita ma haka suke: sun fi binciken asali jan ambato, don haka a ƙirga su daban.

Kuskuren da ya fi cutar da masu bincikenmu shi ne gwada fanni da fanni. Yawan ambato na bin yawan masu rubutu ne a fage. Masu binciken ciwon dajin mama ko na huhu dubbai ne, da kuɗi masu yawa a bayansu. Masu binciken sikila ba su kai nan ba, duk da cewa Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita. Dubi gwajin SPRING da aka yi a asibitocin Kano da Kaduna, ciki har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda ya fito a Lancet Haematology a 2022. Yara 220 masu sikila, waɗanda gwajin gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa ya nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, aka raba su biyu: wasu na shan maganin sikila mai suna hydroxyurea miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu, wasu miligiram 20. Ba a ga bambanci a yawan shanyewar jiki tsakanin kashin biyu ba. A wurin da ƙarin jini wata-wata, wanda aka saba kare irin waɗannan yara da shi, ke da wuya, kuma iyaye ne ke sayen magani daga aljihu, wannan sakamako ne da likita zai yi aiki da shi gobe da safe. Amma in aka jera ambatonsa da na wani gwajin sabon maganin ciwon dajin huhu, sai a ga kamar ƙaramin aiki ne. Mafita ita ce ma'aunan da ke gwada maƙala da tsararrakinta. Shafin iCite na cibiyoyin lafiya na Amurka na ba da irin wannan kyauta ga maƙalun da ke PubMed, inda 1.0 ke nufin daidai da tsaka-tsakin maƙalun da cibiyoyin suka ɗauki nauyi a fannin. Scopus ma na da nasa, mai la'akari da fanni da shekara da nau'in rubutu. A ƙara da duba ko aikin ya shiga ƙa'idojin jinya, domin likitan da ya sauya magani saboda wata maƙala ba ya rubuta ambato.

Yawan ambato kuma ba shaidar gaskiya ba ne. Werner Bezwoda, wani likitan ciwon daji a Johannesburg, ya wallafa a 1995 cewa maganin ciwon daji mai tsananin ƙarfi tare da dashen ƙwayoyin ɓargo na amfanar mata masu ciwon dajin mama da ya yaɗu. An ambace shi sosai, mata da yawa sun sha wannan wahalar, sannan binciken da aka yi wa bayanansa ya gano ƙarya, aka janye maƙalar a 2001. A 2017 an janye maƙalu 107 a lokaci guda daga mujallar Tumor Biology saboda bitar bogi. Maƙalar da aka janye kan ci gaba da tara ambato, ma'ajiyoyi kuma su ci gaba da ƙirga mata. PubMed na manna alama a kan irin waɗannan; a kuma nemi sunan marubucin a Retraction Watch, ma'ajiyar maƙalun da aka janye, wadda ta zama kyauta ga kowa tun 2023. A karanta dalilin janyewar, domin wanda ya gano kuskurensa ya nemi a janye ba ɗaya yake da mai ƙirƙirar bayanai ba.

Ambaton kai abu ne na al'ada ga mai gina aiki a kan aikinsa na baya. Scopus da Web of Science na iya cire shi daga lissafi. A fitar da lambar kafin cirewa da bayan cirewa, in ta faɗi warwas bayan cirewa sai a duba su waye ke ambatonsa, ko 'yan gida ɗaya ne ke yi wa juna. Mujallar da ba a sani ba kuwa, a neme ta a jerin Scopus na yanzu da na waɗanda aka dakatar, da DOAJ (kundin mujallun da ake karantawa kyauta), da kundin mujallun likitanci na MEDLINE, ba a tambarin da ta manna a shafinta ba.

Bayan an tace jerin, a buƙaci mai binciken ya zaɓi maƙalunsa 5 da ya fi alfahari da su, ya rubuta layi uku a kan kowace: tambayar da ta amsa, abin da shi da kansa ya yi, da abin da ya sauya bayan fitowarta. A ba wani masanin fannin daga wajen cibiyar ya karanta su, ya duba yawan majinyata, da tsawon lokacin da aka bibiye su, da ko an yi wa gwajin rajista kafin a fara shi.