Yadda Ake Haɗa Lissafi da Nishaɗi a Wasan Bidiyo Foka Ba Tare da Zuba Kuɗi Ba

Bidiyo foka wasan karta ne da mutum ɗaya ke yi da na'ura, kuma asalinsa gidajen caca ne na Amurka, inda ya fara samun karɓuwa bayan kamfanin SIRCOMA na Si Redd ya fitar da na'urar Draw Poker a shekarar 1979, kamfanin da daga baya ya zama IGT. A yau wasan ya shigo wayoyin hannu, kuma ba abin mamaki ba ne ka ga ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ko Kongo, Zariya, yana latsa shi yayin da yake jiran malami ya shigo aji. Dole in faɗi matsayina tun daga farko: zuba kuɗi a wannan wasa caca ce, haramcinta kuma a bayyane yake a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91. Abin da nake bayani a kai shi ne wasan da ake yi da sulallan bogi waɗanda ba a saya ba a kuma sayarwa, domin a cikinsa akwai darasin lissafin yiwuwa mai kyau ƙwarai. Akwai malaman da ba su yarda da karta ba ko da babu kuɗi a ciki, don haka wanda yake bin wannan fahimta yana iya ɗaukar lissafin da alƙalami da takarda, ya bar wasan.

Tsarin wasan ba shi da wuya. Na'ura za ta raba maka kati 5 daga cikin 52, ka zaɓi waɗanda za ka riƙe, ta canza maka sauran sau ɗaya tak daga cikin 47 da suka rage, sannan ta biya ka gwargwadon abin da ya haɗu a hannunka. Hannuwan farko da za a iya raba maka sun kai 2,598,960, amma a kowane hannu zaɓinka 32 ne kacal, tun daga riƙe duka biyar har zuwa zubar da duka. Ƙwarewar wasan gaba ɗaya tana cikin gane wanne ne daga cikin 32 ɗin ya fi ƙima idan aka yi ta maimaita shi.

Matakin farko shi ne karanta jadawalin biya kafin a taɓa kati ko ɗaya. Ka fara da nau'in da ake kira Jacks or Better, wanda shi ne mafi sauƙin koyo. A cikakken jadawalinsa, kowane sule ɗaya da ka sa yana dawo da 1 idan ka sami manyan tagwaye, wato kati biyu masu harafin J, Q, K ko A iri ɗaya; 2 ga tagwaye biyu; 3 ga 'yan uku, wato kati uku masu lamba ko harafi iri ɗaya; 4 ga jeri, wato lambobi biyar masu bin juna; 6 ga dangi ɗaya, wato kati biyar masu alama ɗaya, wanda allon ke rubutawa Flush; 9 ga cikakken gida, wato 'yan uku da tagwaye tare; 25 ga 'yan huɗu; 50 ga jerin da ya fito daga dangi ɗaya; sai jerin sarauta, daga 10 zuwa A a dangi ɗaya, wanda ke biyan 800 ga kowane sule idan ka sa sulalla biyar, amma 250 kawai idan ka sa ƙasa da haka. Lambobin nan biyu, 9 da 6, su ne abin dubawa. Mai bin wannan jadawali ba tare da kuskure ko ɗaya ba yana samun kashi 99.54 cikin 100 na abin da ya zuba a tsawon lokaci, amma idan aka rage su zuwa 8 da 5, kason sai ya sauko zuwa kimanin 97.3. Ka lura da kyau cewa ko a wannan cikakken jadawali, kuma ko ga gwanin gwanaye, adadin bai kai 100 ba.

Mataki na biyu, wanda a ganina shi ne zuciyar al'amarin, shi ne koyon auna ƙimar zaɓi da kanka. Hanyar ita ce ka ƙirga katunan da za su taimake ka, ka ninka kowanne da abin da yake biya, ka raba jimillar da 47. A ce an raba maka 2, 5, 8 da 10 duk masu alamar zuciya, sai kuma wani 5 baƙi. Zuciyarka za ta karkata ga riƙe tagwayen 5, tun da su ne abin da ya riga ya haɗu. To amma katunan zuciya 13 ne, huɗu suna hannunka, saura 9 cikin 47, kuma kowannensu zai ba ka 6. Idan ka ninka 9 da 6 ka sami 54, ka raba da 47 ka sami kimanin 1.15. Ƙananan tagwaye kuwa, idan aka bi duk hanyoyi 16,215 da kati uku za su iya zuwa, ƙimarsu kimanin 0.82 ce. Saboda haka a nan ana raba tagwayen, a nemi dangi.

Yanzu a sauya misalin kaɗan. An ba ka 5, 6, 7, 8 na dangi dabam-dabam da wani 5. Kati 8 ne za su cika maka jeri, wato 4 guda huɗu da 9 guda huɗu, kowanne yana biyan 4, jimilla 32, wadda idan aka raba da 47 ta ba da 0.68. A nan tagwayen ne suka yi rinjaye, sai a riƙe su. Idan kuwa giɓin jerin a tsakiya yake, kamar 5, 6, 8, 9, to kati huɗu ne kaɗai za su cike shi, ƙimar ta faɗi zuwa 0.34, har zubar da hannun gaba ɗaya ya ɗan fi shi. Manyan tagwaye suna da ƙimar kimanin 1.54, shi ya sa ba a raba su don neman dangi ɗaya, kuma ba a riƙe wani kati na uku a gefensu don kawai yana da girma.

Misalin da ya fi gwada zuciyar ɗan wasa shi ne wannan: K, Q, J, 10 da 3, duk na zuciya. Dangi ɗaya ya riga ya haɗu, 6 tana hannu babu shakka. Idan ka zubar da 3 ɗin, A na zuciya zai ba ka 800, 9 na zuciya 50, sauran katunan zuciya shida 36 a haɗe, sauran A da 9 guda shida 24, sai kati tara da za su ba ka manyan tagwaye 9. Jimilla 919, a raba da 47, a sami kusan 19.6, wato fiye da ninki uku na abin da ke hannu. Duk da haka, a cikin hanyoyi 47 ɗin, 39 za su bar ka da ƙasa da 6, 24 daga cikinsu ma ba za su ba ka komai ba. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, amma wannan zaɓi ba kwaɗayi ba ne, ƙirga ce, kuma wanda ya zubar da 3 ɗin ya tashi a tutar babu ya yi daidai ko da allon ya nuna masa sifili.

Daga nan ne maganar nishaɗi ta shigo, domin mutane da yawa suna lalata wa kansu wasan ta ɗaya daga hanyoyi biyu. Wasu ba sa lissafi sam, suna bin abin da ransu ya raya musu, sai wasan ya zama latse-latse marar ma'ana da ke cin lokaci kawai. Wasu kuma sai su ɗora wa kansu haddace dogayen jadawalai masu cike da togaciya, har kowane hannu ya zama musu jarrabawa. Abin da nake ba da shawara shi ne ka tsaya a tsakiya ta hanyar riƙe gajeren tsari, wanda bambancinsa da cikakken tsari bai kai kashi 0.1 cikin 100 ba. Ka rubuta shi a ƙaramar takarda: manyan hannuwan da suka riga suka haɗu a sama, kati huɗu na jerin sarauta sun fi jeri da dangi ɗaya, manyan tagwaye sun fi kati uku na jerin sarauta, waɗannan sun fi kati huɗu na dangi, su kuma sun fi ƙananan tagwaye, sai jeri mai buɗaɗɗen baki biyu kamar 5, 6, 7, 8, sai manyan katuna. Idan wannan ya zauna maka, yawancin hannuwa za su wuce cikin sauƙi, ka adana tunaninka ga 'yan kaɗan ɗin da suka cancanci a tsaya a kansu.

Sanin yadda sakamako ke zuwa shi ma yana kare mutum daga ɓacin rai. Ko da kana wasa daidai, fiye da rabin hannuwa, kimanin kashi 54 da rabi cikin 100, ba su dawo da komai, kuma kusan kashi 21 da rabi manyan tagwaye ne da ke mayar maka da sulenka kawai. 'Yan huɗu suna zuwa kusan sau ɗaya a hannu 423. Jerin sarauta kuwa kusan sau ɗaya ne a hannu 40,000, kuma shi kaɗai yana ɗauke da kimanin kashi 2 na wancan 99.54, abin da ke nufin cewa a duk lokacin da bai zo ba sulallanka suna raguwa da sauri fiye da yadda adadin ke nunawa. Mutum yana iya yin hannu 40,000 cur bai gan shi ba, yiwuwar hakan ma ta haura ɗaya cikin uku, domin na'ura ba ta tuna abin da ta raba a baya, kuma ba ta riƙe wa kowa bashin sa'a. Wanda ya fahimci wannan zai gane dalilin da ya sa mai zuba kuɗi a jadawalin 8 da 5, yana yin hannu 600 a awa da sulalla biyar-biyar, yake asarar kimanin sulalla 81 kowace awa ko da bai yi kuskure ba.

Don haka ka canza abin da kake ƙirgawa. Maimakon duba yawan sulallan da suka rage, ka ƙirga yawan zaɓin da ka yi daidai a hannu 50, ka nemi manhajar koyo mai nuna maka kuskure da ƙimar kowane zaɓi. Ka guji duk manhajar da ke tallata maka sayen sulalla ko tura ka zuwa shafin zuba kuɗi, domin ƙofar caca ke nan. A jihar Nebada ta Amurka doka ta wajabta wa na'urorin karta su raba kati kamar yadda cikakkiyar karta mai gaskiya za ta raba, amma babu wanda ya ɗora wa manhajar kyauta wannan sharaɗi, saboda haka kada ka gina hukunci a kan yawan nasarar da take ba ka.

Hanya mafi daɗi da na sani ita ce a ajiye wayar a ɗauko karta ta takarda, abokai uku ko huɗu su zauna, a buɗe kati biyar a tsakiya, kowa ya faɗi abin da zai riƙe da hujjarsa, sannan a yi ƙirgar tare kafin a buɗe na gaba. Makin na wanda hujjarsa ta fi ƙima ne, ko katin ya zo ko bai zo ba. A yanke lokacin tashi tun kafin a zauna, rabin awa ya isa, kuma kada zaman ya ci karo da lokacin salla ko na karatu. Ɗalibin lissafi ko ƙididdiga a Jami'ar Ahmadu Bello yana iya ƙara wa kansa aiki ta hanyar canza lamba ɗaya a jadawalin, misali ya mayar da biyan dangi ɗaya daga 6 zuwa 4, sannan ya sake auna misalin tagwayen 5 ɗin nan, inda zai tarar ƙimar neman dangi ta sauko zuwa 0.77, ƙasa da ta ƙananan tagwaye, zaɓin da ya dace kuma ya juya gaba ɗaya.