Yadda ake kwance fayilolin ZIP, RAR da 7z a kwamfuta, da abin da ke hana su kwantuwa

A shagunan buga takardu na Aboabo da Asawase a Kumasi ba a rasa mai shigowa da filashi a hannu yana cewa an aiko masa da takardun makaranta ko hotunan biki, amma sun ƙi buɗuwa. In an duba sai a tarar fayil guda ne, sunansa ya ƙare da .zip ko .rar. Ƙunshi ne, an tara fayiloli da yawa an matse su wuri ɗaya, kamar dilar gwanjo a kasuwar Kejetia: sai an yanke ɗauri an zazzage kafin kayan su yi amfani.

Iri uku aka fi cin karo da su. ZIP shi ne babba, Phil Katz ya fitar da shi a 1989. RAR na Eugene Roshal ne, tun 1993. Sai 7z, na manhajar 7-Zip da Igor Pavlov ya fara a 1999. Windows kan ɓoye wutsiyar suna, wato .zip ko .rar ɗin da ke ƙarshe, saboda haka ka fara bayyana ta: a File Explorer shiga View ka sa alama a "File name extensions". A Windows 11 tana ƙarƙashin View, sannan Show.

In ZIP ne ba ka bukatar ƙarin manhaja. Danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzami, zaɓi "Extract All", nuna inda kake so kayan su sauka, danna "Extract". Sabuwar folda za ta fito, a cikinta ake aiki.

A nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe. In ka danna ZIP sau biyu, Windows zai nuna maka abin da ke ciki tamkar folda ce, sai ka ɗauka an gama. Ba a gama ba, leƙe kawai ka yi. Duk fayil ɗin da ka buɗe daga nan, kwafinsa ake ajiyewa a foldar wucin gadi mai suna Temp. Ka gyara takardar Word awa biyu ka adana, gobe ka koma ƙunshin ka iske tsohon rubutu. Haka ma setup.exe, fayil ɗin da ke saka manhaja: shi kaɗai za a fitar, 'yan rakiyarsa suna ɗaure, sai ya yi kukan ya rasa wani fayil. A kwance duka tukuna.

Don RAR da 7z, 7-Zip ya wadatar. Kyauta ne, bai kai megabait 2 ba, kuma daga 7-zip.org ake saukarwa, ba daga shafukan da ke cusa talla ba. Yawancin kwamfutocin yanzu sigar 64-bit suke ɗauka. Bayan an saka shi, danna dama a kan ƙunshin ka shiga 7-Zip. A Windows 11 sai ka fara danna "Show more options". Za ka ga "Extract Here" da "Extract to" haɗe da sunan ƙunshin. Na biyun ya fi, domin yana buɗe wa kayan foldarsu. Na farkon kuwa nan take yake zubewa, in fayil 400 ne a ciki kuma kana kan Desktop, ka sayi aikin shara. Windows 11 da aka sabunta daga ƙarshen 2023 yana kwance RAR da 7z da kansa, amma ba ya iya masu kalmar sirri. WinRAR ma yana aiki, sai dai na kuɗi ne bayan gwajin kwana 40, kuma ba ya sabunta kansa. Duk wanda nasa tsoho ne ya saukar da sabuwar siga: a watan Agusta 2023, a siga 6.23, aka toshe wata ɓaraka da ke ba mugun ƙunshi damar tayar da manhajar ɓarna da zarar an danna wani fayil a ciki.

Kafin ka kwance babban ƙunshi, buɗe shi cikin 7-Zip ka dubi "Size" da "Packed Size". Na farko shi ne girman kayan bayan sun fito. Rubutu yana matsuwa sosai, amma JPEG da MP3 da MP4 dama a matse suke, saboda haka ƙunshin bidiyo na gigabait 3 zai nemi kusan wani gigabait 3 a gefe. Kada ka ja fayil da linzami daga tagar manhajar zuwa wani faifai: ta Temp da ke C:, babban faifan kwamfutar, yake bi, in C: ya cika aikin ya tsaya ko da can akwai fili. Filashin da ke kan tsarin FAT32 kuma ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, komai girmansa. Sai an mai da shi exFAT ko NTFS, kuma fomat yana share duk abin da ke kai, a kwashe kaya tukuna.

Wani ƙunshin a gutsure yake zuwa: .part1.rar, .part2.rar, ko .7z.001, .7z.002, ko .zip tare da .z01. A tara su duka a folda ɗaya, a kwance na farkon kawai (a na ZIP, mai wutsiyar .zip), sauran za su biyo da kansu. In ɗaya ya ɓace ba dabara. A kula da suna: wanda ka saukar sau biyu burauza kan liƙa masa lamba a suna, manhaja kuwa ba za ta gane shi ɗan gida ba ne sai ka goge ƙarin.

Saƙonnin "CRC failed", "Data error" da "Unexpected end of data" kusan magana ɗaya suke yi. Kowane fayil a ƙunshi yana ɗauke da lambar tantancewa, in abin da ya fito bai dace da ita ba, wani abu ya lalace a hanya. Galibi ba laifin manhaja ba ne. Data ce ta ƙare ana tsakiyar saukarwa, ko dumsor ya ɗauke wuta ana kwafi, ko an fizge filashi bai gama rubutu ba. Gwada girman naka da na wanda ya aiko, bait da bait, ta Properties. A 7-Zip akwai "Test archive", yana karance ƙunshin ba tare da ya fitar da komai ba; ka yi shi tun kana shagon da ka yi kwafin, kafin ka hau trotro. WinRAR yana da gyara da Alt+R, amma ba ya yin abin kirki sai in mai ƙunshin ya sa "recovery record", wato ƙarin bayanan gyara, tun farko. In ba haka ba, sa alama a "Keep broken files" ka tsira da abin da ya samu, ko ka sake saukarwa. In filashi ɗaya ne kullum yake lalata manyan fayiloli, zarge shi: akwai na jabu da aka rubuta wa 64GB alhali cikinsu bai kai haka ba. Manhajar H2testw tana tona asirinsu.

Kalmar sirri tana bambanta babban harafi da ƙarami. Duba Caps Lock, duba ko allon rubutu ya juya zuwa Larabci, abin da ya zama ruwan dare a kwamfutocin makarantun Zango, duba kuma ko ka kwafo ta daga WhatsApp da gurbi a ƙarshe. ZIP mai kulle mai ƙarfi da ake kira AES sai 7-Zip ko WinRAR, "Extract All" na Windows kan ƙi shi ko da kalmar daidai ce. Wadda aka manta kuwa, in doguwa ce, sai dai a koma wa mai ita.

Kuskuren "Path too long" daga tsohuwar iyakar Windows ta haruffa 260 yake, wato sunan fayil haɗe da na duk foldojin da ke samansa. Buɗe folda mai gajeren suna, kamar C:\a, ka kwance a can. Sunaye masu ɓ, ɗ, ƙ ko Larabci da suka fito a hargitse, tsohuwar manhajar da ta ɗaure su ce ba ta rubuta sunan da UTF-8, tsarin da ya san haruffan kowane harshe, ba; abin da ke ciki lafiya lau yake, a nemi mai aikowa ya sake ɗaurewa da 7z.

A Mac danna ZIP sau biyu yana kwance shi, RAR kuma sai a nemi The Unarchiver. A Linux, umarnin unzip ne ke kwance ZIP, tar -xzf kuma yana kwance .tar.gz. Mai wutsiyar .tar.gz riga biyu ya sa, a 7-Zip sai ka kwance ka sami .tar, ka sake kwancewa.

Ƙunshin da ya zo daga baƙon imel, musamman mai kalmar sirri a jikin saƙon, yawanci an kulle shi ne don manhajar tsaro ta kasa leƙawa. Bayan kwancewa, danna dama a kan foldar ka sa Microsoft Defender ya bincike ta, sannan ka karanta wutsiyar kowane suna. Wanda aka ce rasit ne amma ya ƙare da .pdf.exe, .scr ko .js, kada ka buɗe shi, goge shi tare da ƙunshin da ya kawo shi.