Yadda Za Ka Shiga Kwas ɗin Turanci Kyauta a Intanet Daga Zariya

Masu neman Turanci ta waya a garin nan ba iri ɗaya ba ne. Akwai yaron da WAEC ko NECO ta hana shi kiredit a Turanci, kuma ABU ba za ta ɗauke shi ba sai da shi. Akwai wanda ya sauke Alƙur'ani, ya yi nisa a fiƙihu a zauren malaminsa a cikin birni, Larabci kamar ruwa, amma boko ya wuce shi. Ga ɗan kasuwar Sabon Gari da ya gaji da kiran yaron shago ya rubuta masa saƙo zuwa Legas, ga matar aure mai son taya yara aikin gida, ga mai digiri da ke shirin IELTS, jarrabawar Turanci ta masu son fita waje karatu ko aiki. Abu na farko shi ne ka san wane ne kai a cikinsu, don kwas ɗin wannan ba zai yi wa wancan ba.

Na biyu, ka gwada matakinka kafin ka yi rajista. Shafin LearnEnglish na British Council yana da gwaji na kyauta. Matakan shida ne, daga A1 na ƙasa zuwa C2 na ƙoli. A nan ne mutanenmu ke cutar kansu: mai digiri ya ga sakamako ya ce A2, girman kai ya hana shi, ya tsallaka B2, bayan mako guda ya watsar ya ce kwas ɗin ba kyau. Ba wanda ke leƙen wayarka, malam. Fara daga inda gwajin ya ajiye ka.

Sai zaɓe, kuma ɗaya tak. In ɗan koyo ne kai, VOA Learning English ya fi, domin a hankali suke magana, da kalmomi masu sauƙi. In kana fahimta amma baki ne ya ƙi, ka nemi 6 Minute English na BBC, hira ce ta minti 6 tare da rubutunta. Mai shirin WAEC ya sani waɗannan ba sa bin manhajarmu, dole ya haɗa da tsoffin tambayoyin jarrabawa.

Rajista ba wuya. VOA da BBC ma ba sa neman ta. Inda ake buƙata, imel ne kawai da lambar sirri. Ka rubuta ta a littafi, kada ka bar ta a hannun mai kafe. Ka lura, a shafukan kwas irin su Alison karatun kyauta ne amma satifiket na kuɗi ne. Wanda kuwa ya turo maka saƙo a WhatsApp wai ka biya kuɗin fom, ɗan damfara ne.

Matsalar gaske ita ce data da wuta. Bidiyo na shan data, murya ba ta sha sosai, saboda haka ka sauke darussan murya da garaɓasar dare, ka saurara da rana a cikin bas daga Samaru zuwa Kwangila ko lokacin girki. Rubutun darasin kuma ka kai shagon fotokwafi a buga maka, ko an ɗauke wuta kana da abin karantawa.

Na ƙarshe shi ne wanda aka fi gudu: buɗe baki. Bahaushe kan haɗa sautin p da f, kuma ba ya jin hakan sai ya saurari kansa. Ka karanta sakin layi ɗaya da ƙarfi, ka naɗi muryarka, ka kwatanta da ta mai darasin. Sannan ka sami aboki ɗaya da ba zai yi maka dariya ba, ku ware minti 15 bayan Isha'i, Turanci zalla, ko da gurgu ne.