Yadda Ake Farfaɗo da Tsohuwar Taraktar da Ta Daɗe a Ajiye

Tarakta irin Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera tsakanin 1964 da 1975 da injin Perkins na dizal mai fistin uku, tana iya yin shekaru a gindin darbejiya ba ta motsa ba, sannan ta tashi ta ja garma a ƙaramar gona. Abin da ya fi kashe irin wannan inji shi ne gaggawar ɗaura batir a murɗa makulli tun ranar farko. A fara aikin tun cikin rani, domin damina ta tarar da ita a shirye.

Da farko a share ta sosai, a cire gidajen zanzaro daga salansa da hanyar shigar iska, a kuma duba wayoyin da ɓeraye suka ci. Bayan haka a cire giya, a sa sifana a gwada juya injin da hannu. Idan ya ƙi juyawa, galibi tsatsa ce ta kama fistin, don haka sai a kwance nozul ɗin uku masu fesa dizal cikin injin, a zuba dizal gauraye da ɗan baƙin mai a kowane rami, a bar shi kamar mako guda ana gwadawa a hankali kullum. Kada a ɗaure ta da wata mota a fizge ta, domin hakan yana lanƙwasa sandar fistin. Kafin a mayar da nozul, a juya injin har man da aka zuba ya fita duka.

Daga nan a tsiyaye tsohon baƙin mai a dube shi da kyau. Idan ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga, kuma wajibi ne a gano ta inda ya shiga kafin a ci gaba. A canza filta, a zuba sabon mai, a wanke kwanon da ke tace iska, a wanke lagireto, a sauya fambel idan ya tsage.

Hanyar dizal ce ta fi cin lokaci. A zubar da tsohon man, a wanke tanki daga laka da tsatsa, a sa sabuwar filta, sannan a fitar da iskar da ta shiga bututu: a sassauta ƙusar da ke kan filta, a riƙa danna ƙaramin famfon hannu har mai ya fito babu kumfa, a ɗaure, sannan a maimaita haka a jikin injekta, wato famfon da ke tura dizal zuwa nozul; iskar bakin nozul kuwa sai ana murɗa injin take fita. Ita injekta, a ganina bai dace a buɗe cikinta a gida ba, gara a kai wa bakaniken da ya ƙware a kanta.

Sai yanzu za a ɗaura batir mai bolt 12. A tanadi guntun katako a kusa don toshe hanyar iska idan injin ya ɗauki gudu ya ƙi mutuwa, kuma kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15 a lokaci guda. Da ya tashi, a zuba wa gejin ƙarfin baƙin mai ido, a kashe shi nan take idan allurar ba ta ɗaga ba.

Idan sautinsa ya daidaita, a gwada kuloci da birki a fili inda babu yara, a canza man giya wanda shi ne ke ɗaga garma, a sa giris a gaɓoɓi, a duba tayoyi. A makon farko a ja tirela maras nauyi da ita, ana duba zafin inji da ɗigon mai kowace yamma, kafin a ɗaura mata garma.