Yadda ake horar da masu raka waɗanda aka ci zarafinsu a Abuja

Idan ƙungiyar mata ko kwamitin unguwa a Kubwa, Nyanya ko Gwagwalada suka ce za su tsaya wa waɗanda aka yi wa fyaɗe ko ake duka a gidan aure, masu tausayi ba sa wuyar samu. Wuyar ita ce mayar da mai tausayi mai rakiya, wadda ta san ƙofar da za a ƙwanƙwasa da lokacin da ya kamata a isa.

A fara da zaɓe. Kada a duba digiri, a duba baki. Matar da labarin kowa ke fita ta bakinta a gidan biki ba ta dace ba, ko da ita ta fi kowa ƙwazo. A sa maza ko da biyu ne, domin yara maza ma ana lalata da su.

Daga nan sai sauraro, kuma a nan ya kamata horon ya fi daɗewa. Mun tashi da "ki yi haƙuri", "a rufa asiri", "me ya kai ki ɗakinsa?" Kalmomin nan kan kuɓuce daga baki ba tare da an shirya ba, shi ya sa lacca ba ta cire su. A zaunar da masu koyo biyu-biyu, ɗaya ta zama wadda abin ya faru da ita, ɗaya mai rakiya, sauran suna kallo. Duk sanda mai rakiya ta katse magana ko ta fara wa'azi, a tsayar a sake. Abin da za ta saba faɗa kaɗan ne: "Na yarda da ke, 'yar'uwa. Ba laifinki ba ne. Me kike so mu fara yi?" Idan babba ce, "Yaya" ko "Mama". Tambayar ƙarshen nan ita ce ginshiƙi. Mai rakiya ba alƙaliya ba ce, ba kuma mai sulhu ba. Idan matar ta ce ba za ta je wurin 'yan sanda yau ba, a bayyana mata hanyoyin da take da su, a bar mata zaɓi. Yaro ne kaɗai daban: Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, kuma maganarsa ba a binne ta a zauren mai unguwa.

Mataki na uku, su haddace awanni kamar yadda suka haddace lambar wayarsu. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 da faruwar fyaɗe, a sha kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har awa 120, amma gwamma da wuri. Saboda haka asibiti ne farko, taron dangi ya jira. In ba ta yi wanka ba, a roƙe ta ta dakata har likita ya duba ta. In ta riga ta yi, a tafi duk da haka. Tufafin da ke jikinta a naɗe su a takarda, ba a leda ba, don leda na riƙe danshi ta lalata shaida.

Sai doka. A gayyato lauya daga ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA ta yi bayanin dokar hana cin zarafin mutane, wato VAPP, da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2015. Hukumar yaƙi da fataucin mutane, NAPTIP, ce ke kula da aiwatar da ita a Babban Birnin Tarayya. Dokar ta hukunta dukan abokin aure da korarsa daga gida da ƙarfi, ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai fyaɗe, ta kuma ba kotu ikon ba da umarnin kariya da zai hana mai cin zarafin kusantar matar. Wani abu da sababbi kan manta: Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa suke, Suleja da Madalla a Neja. Mace na iya aiki a Wuse amma abin ya faru a can, to hukumomin can za a nufa.

Kada a tsaya ga jerin sunayen ofisoshi a takarda. A ɗauki masu koyo su taka da ƙafa zuwa babban asibitin yankinsu da teburin kula da mata da yara na ofishin 'yan sanda, su gaisa da ma'aikata, su san wa ke aikin dare. Sabuwar mai rakiya ta bi tsohuwa sau da yawa kafin a bar ta ita kaɗai.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne ita mai rakiyar. Wadda ta wuni tana jin irin labaran nan takan kasa barci, ta riƙa faɗa da 'ya'yanta ba dalili, wata ma tsohon mikinta ne ke tashi. A ware zama kowane mako da shugabar tawaga, a fitar da abin da ke rai ba tare da kiran sunan kowa ba. Wayar aiki ta zama ta ƙungiya, ana karɓa-karɓa, don kada mijin da ya fusata ya sami lambarta. Ba mai zuwa gidan da ake rikici ita kaɗai, kuma lambar gaggawa ta 112 ta kasance a wayar kowa. Kuɗin mota da na kati a ba da su kafin fita, ba a ce ta kashe nata a biya ta daga baya ba. Daga Dei-Dei zuwa cikin gari da dawowa ba ƙaramin kuɗi ba ne. Wadda ta ce ta gaji a ba ta hutun mako biyu, a miƙa shari'o'in da ke hannunta ga wata, a kuma gabatar da sabuwar ga matan da take rakawa kafin ta tafi.