Ku je duba mota da sassafe

'Yan'uwa sababbin direbobi, in za ku sayi motar hannu, ku je da sassafe, kafin mai ita ya tayar da ita.

Da isarku, ku ɗora hannu a kan bonet. In da ɗumi, an riga ku.

Injin da ya kwana ba ya ɓoye ciwonsa. Batir mai rauni zai yi ta jan ƙafa kafin ta tashi. In hayaƙin salansa ya yi shuɗi-shuɗi, tana shan baƙin mai ke nan, wataƙila aikin ringi, wato gyaran cikin inji, na jiranku. Ni da la'asar na sayi tawa, dillali ya gama ɗumama ta, tana ta lafiya lau. Washegari sai da yaran unguwa suka tura ni.

Amma farin tururi da sanyin hunturu ba laifi ba ne, in dai ya ɗauke bayan 'yan mintoci.

Kuma wannan dabarar ba ta kama matsalar giya ko zafin inji. Waɗannan sai kun zaga da ita kamar rabin awa, har cikin cunkoso, bakanikenku na gefe. Naku fa, ba na dillali ba.